Na biya an saka mini Zoom, ranar taro na neme shi sama da ƙasa

Kwamfutar dai lafiyarta ƙalau, gara in faɗi wannan tun farko kada a ce na yi wa mutane ƙazafi. Tokumbo ce irin ta tebur, allonta mai faɗi, kuma ba ta nawa wajen tashi. Abin da ya zaunar da ni rubutu shi ne aikin da na biya aka yi mini a kanta, da kunyar da na sha wata ranar Talata a gaban mutumin da na yi wata biyu ina lallaɓawa. Ba zan kama sunan shagon ba. Masu shiga layin 'yan kwamfuta a Kano sun san irinsu, farashin ma kun san shi, ba sai na tayar wa kaina da hawan jini ba.

Harkar riɗi nake yi a Dawanau. Shekara da shekaru da Skype muke magana da masu saye na waje, har aka rufe shi a watan Mayun 2025, kowa ya koma Zoom, manhajar taron bidiyo. A waya ina iya shiga, amma idan aka ɗora takardar ciniki a allo sai in ga rubutun kamar tururuwa, ga ido ya fara gajiya. Shi ya sa na ce a ba ni babbar kwamfuta. Na kuma yi wa mai shagon bayani dalla-dalla: a saka mini Zoom, a haɗa kyamara, ni dai in zo in danna in ga mutum. Yaron shagon ya yi aikinsa, ya buɗe manhajar a gabana, na ga fuskata da hulata a allo. Ya ce, "Alhaji an gama, wannan ko jikanka zai iya." Ina shirin tafiya mai shagon ya ce bari a buɗe mini asusu a kwamfutar da sunana da kalmar sirri, kada yaran ofis su riƙa shiga suna kallon ƙwallo. Na ji daɗin wannan tunani, har tukwici na ba yaron.

Mai sayen yana Mersin ta ƙasar Turkiyya, kuma sun riga mu da awa biyu, don haka sha biyun ranarsu ƙarfe gomanmu ne na safe. Wani ɗan abokina da ke karatu a can shi ne tafinta, shi ya shirya taron ya turo mini mahaɗi ta imel. Tara da rabi na zauna, an tayar da janareta, na sha babbar riga kamar mai zuwa ɗaurin aure. Na kunna, na sa kalmar sirri, allo ya buɗe. Kwandon shara a sama, burauza a ƙarƙashinsa, shi ke nan. Shuɗiyar alamar nan da na gani a shago babu ita babu dalilinta.

Da farko ban damu ba, na ce ƙila ta ɓuya ne. Na buɗe wannan, na rufe wancan, na shiga wurin hotuna, na shiga wurin takardu, har cikin kwandon sharar sai da na leƙa. Akawuna ya karɓi linzamin ya yi nasa laluben, shi ma ɗin dai makaho ne ke jan makaho. Goma saura biyar na kira mai shagon, waya ta yi ta ƙara har ta gaji. Na sake, haka. Na kira yaron, a kashe. Goma da minti biyar saƙon tafinta ya shigo: "Baba muna ciki, kai muke jira." Gumi ya fara bin ƙeyata duk da fanka.

'Yata ce ta cece ni, daga makaranta, a waya. Ta ce, "Abba kwantar da hankalinka. Duba ƙasan madannai ta hagu, akwai maɓalli mai alamar taga. Danna shi, kada ka taɓa komai, rubuta zoom kawai." Ashe haka ake neman kowace manhaja a Windows, ni ban taɓa sani ba. Na rubuta. Abin da ya fito duk na intanet ne, wannan ya ce sauke nan, wancan ya ce sauke can. Ta ce kada in kuskura in danna ko ɗaya, akwai shafukan bogi da ke kwaikwayon na gaske. Sai ta ce, "Abba, ba a saka maka ba ke nan." Na ce mata wallahi da idona na ga fuskata a ciki. Ta yi shiru, na san a ranta cewa take tsufa ya fara.

Daga nan ta ce in bar neman, in buɗe imel ɗin in danna mahaɗin. Shafi ya buɗe yana cewa in sauke manhaja. Ta ce in duba can ƙasa, akwai ɗan siririn rubutu da ke cewa a shiga ta burauza. Yana nan kuwa, na danna, ya nemi izinin kyamara da makirufo, na ba shi. Goma da minti ashirin da biyar na faɗa cikin taron. Ga Baturken nan, ga tafinta, bakinsu na motsi, ni kuwa ko tari ba na ji.

Babu lasifika. Allon da aka sayar mini ba mai magana ba ne, kuma ita kwamfutar tebur ba kamar ta cinya ba ce da ke zuwa da komai a jikinta. Wanda ya san cewa don taron bidiyo na sayi kaya, ya karɓi kuɗin kyamara, bai ga ya dace ya ce mini "Alhaji, da me za ka ji magana?" ba. A shago fuskata kawai aka nuna mini, ni kuma na yi ta murmushi kamar wanda aka ɗauka hoton fasfo. Akawu ya ciro abin kunnensa na waya, muka durƙusa ƙarƙashin tebur muna neman rami. Akwai kore akwai ruwan hoda, koren ne na ji. Igiyar kuma gajeriya ce, dole na sunkuya, don haka abin da mutumin Mersin ya yi ta kallo shi ne saman hulata. Muna cikin gaisuwa da ban haƙuri, an fara taɓa maganar farashin tan, sai taron ya yanke. Asusun tafinta na kyauta ne, minti 40 ake ba su, wannan kowa ya sani, ni ne na cinye fiye da rabi wajen lalube. Muka sake shiga, amma mutumin ya ce yana da wani zaman, sai mako mai zuwa.

Ranar da na je shagon nan da zafin da nake ji, da an ji mu. Allah Ya sa ban je ba.

Bayan isha'i sai ga kiran yaron. Ya ce cajinsa ne ya ƙare, ya ga kirana. Na zazzage masa ta tas, bai katse ni ba. Washegari da sassafe ya hau adaidaita da kuɗinsa ya zo har ofis. Ya zauna, ya fita daga asusuna, ya shiga wani da ban ma san yana ciki ba, wanda suke gwaji da shi a shago. Ga Zoom nan zaune a kan allo, shuɗi shar. Wato kaza ce ta kwana a kan dami. Ya yi mini bayani cewa idan aka saka shi ta hanyar da aka saba, cikin jakar mai asusun da ke buɗe a lokacin yake zama, ba ya bin kowa da kowa, sai dai in an ɗauko nau'in da ake saka wa duk masu amfani da kwamfutar. Shi ya saka a nasu asusun, maigidansa ya zo daga baya ya buɗe mini sabo, babu wanda ya koma ya duba. Ya ce, "Alhaji laifinmu ne, ka yi haƙuri." Ban yi zaton jin wannan daga bakin ɗan kasuwar kwamfuta ba, kuma gaskiya ya sanyaya mini rai.

Bai tsaya nan ba. Ya sauke sabo daga shafin kamfanin na ainihi, zoom.us, ya nuna mini cewa tun 2024 sunan da yake fitowa da shi Zoom Workplace ne, kada in gani in ɗauka wani abu ne daban. Ya danna alamar da ɓangaren dama na linzami ya maƙale ta a layin da ke ƙasan allo, yadda ko da yaushe tana nan kusa da burauza. Ya sa ni na rufe na buɗe sau uku da hannuna. Ya nuna mini 'yar kibiyar da ke kusa da agogo, ya ce wani lokaci idan ka rufe tagar can manhajar ke laɓewa, ba tafiya ta yi ba. Abin da ya fi burge ni shi ne shafin gwaji, zoom.us/test: ka shiga kai kaɗai, ya kaɗa maka ƙararrawa ya tambaye ka ko ka ji, ka yi magana ya mayar maka da muryarka. Minti biyu. Da an yi mini wannan a shago da tun a can asirin lasifika ya tonu. Ya rubuta mini Alt da A a 'yar takarda ya manna a gefen allo, wai na kashe makirufo ne idan masu awo sun fara hayaniya a waje. Na ba shi kuɗin mota ya ƙi, sai da na haɗa shi da Allah.

A lokacin har na yanke shawarar in yafe, in ce kuskure ne irin na ɗan Adam. Sai da yamma na aika akawu ya karɓo lasifika. Na ɗauka mai shagon zai ce a kai wa Alhaji, ko ya yi ragi saboda abin da ya faru. Ina! Cikakken kuɗi ya karɓa, har yana cewa ai ban tambaya ba. Kira biyu da ya ƙi ɗauka kuwa ko a bakinsa, har yau bai neme ni ba.

Kwana uku bayan nan kuma 'yata ta zo hutun ƙarshen mako, ta duba kwamfutar ta ce Windows 10 ce a kai, wadda Microsoft ta daina tallafa wa tun 14 ga Oktoban 2025, kuma injin ya tsufa, bai cika sharuɗɗan hawa Windows 11 ba. Tana aiki, ban ce ba ta yi. Amma mutumin da ya tsaya yana yi mini wa'azin kalmar sirri don kare ni daga yaran ofis, wannan bai ga ya kamata in sani ba kafin in ƙirga masa kuɗi? Ni da nake buɗe imel ɗin ciniki da takardun banki a kanta?

Taro na biyu ya yi kyau. Danna ɗaya na shiga, goma saura kwata ina zaune ina jiran su, na karanta takardar layi-layi ba tare da na matse ido ba, mutumin Mersin ma ya ce sai yau ya ga fuskata. Mun daidaita a kan kwantena ɗaya na gwaji, ba biyun da na sa rai ba, kuma har yanzu zuciyata na raya mini cewa waccan Talatar ce ta ci ɗayar.

Yaron na riƙe lambarsa, na kuma ba mutum biyu a layinmu, na ce su kira shi kai tsaye. Shagon kuwa, firinta nake son saya wata mai zuwa, kuma na riga na sa akawu ya tambayo mini farashi a wani wuri.