Drawabox: Makarantar Zanen da Ba a Cewa "Ya Yi Kyau" a Wuce

Duk mai zane a waya ko kwamfuta a wajenmu ya san abin da ke biyo baya idan ya ɗora aikinsa a Facebook ko WhatsApp. Masha Allah. Allah ya ƙara basira. Sai ɗan hoton wuta guda uku. Addu'a ce mai kyau, ina kuma amsawa da amin, sai dai a cikin masu yin ta babu wanda zai gaya maka cewa hannun yarinyar da ka zana ya fi ƙafarta tsawo. In ma wani ya yi ta maza ya faɗa, nan take a ce hassada ke cin sa. Ni sana'ata zanen bangon littafi ce ga marubutan da ke sakin labaransu a intanet, da katin biki in ya samu, kuma da manhajojin zane na ibisPaint da Krita nake aiki. Neman wanda zai dubi aikina ya nuna mini inda ya karkace shi ya kai ni Drawabox, kuma a kan wannan ɓangaren na gyara zan fi tsayawa, domin shi ne abin da ya bambanta wurin da tulin bidiyoyin koyon zane da ke YouTube.

Drawabox kwas ne na tushen zane, darussansa duka kyauta ne a intanet. Wanda ya kafa shi Irshad Karim ne, da aka fi sani da laƙabin Uncomfortable. A dandalin tattaunawa na Reddit ya fara koyarwar a 2014, kafin abin ya girma ya tsaya da ƙafarsa. Bai ɓoye inda ya samo iliminsa ba: ya yi karatu a Concept Design Academy da ke Kalifoniya a Amurka, kuma darussan malamin zane Peter Han na can ne ginshiƙin abin da yake koyarwa. Manyan darussa bakwai ne. Na farko layuka ne da zagaye masu siffar ƙwai da akwatuna. Na biyu gina siffa da fatar abu, daga nan tsirrai, ƙwari, dabbobi, kayan amfanin yau da kullum, sannan motoci a ƙarshe. A tsakani akwai jarrabawar haƙuri: akwati 250 bayan darasi na ɗaya, silinda (siffar gwangwani) 250 bayan na biyar, taya 25 kafin na bakwai.

Abin da zai fara ba mai zanen kwamfuta mamaki shi ne an ce ya ajiye allon zanensa. Takarda ake so da alƙalamin tawada mai siririn baki, 0.5. Ba fensir, ba gogewa, kuma idan layi ya kauce ba a yarda ka sake bi ta kansa don ka ɓoye ɓarnar ba. Da farko abin ya yi mini kama da tsaurin kai, amma hujjarsu tana da ƙarfi. Mu da muka saba da maɓallin komawa baya, layi ɗaya sai mu ja shi sau goma har a dace, mu kuma ɗauka mun iya. Tawada ba ta yi maka wannan rufin asirin. Ga mai duba aikin kuma, komai a fili yake: inda hannunka ya yi rawa, inda ka yi gaggawa, inda ka tsaya kana shakka a tsakiyar layi. Wanda zai yi maka gyara yana buƙatar ganin kuskuren kafin ka share shi.

Hanyar samun gyaran biyu ce. Akwai ta kuɗi, inda kake biya ta Patreon, shafin biyan kuɗin tallafi na wata-wata, a ba ka maki, ka kashe makin wajen miƙa aikin darasi, shi Uncomfortable ko ɗaya daga cikin mataimakansa ya duba. Dole ka fara daga darasi na ɗaya ka bi a jere, komai ƙwarewarka, kuma sai kwana 14 sun wuce tsakanin miƙa aiki da miƙa na gaba, don kada mutum ya zuba aikin ganin ido cikin dare ɗaya. Akwai kuma ta kyauta, inda 'yan'uwanka ɗalibai ne ke dubawa. Ni ta kyautar na fi bi, saboda dalilin da duk mai katin banki na naira ya sani: biyan dala a intanet yau ya yiwu, gobe ya ƙi.

To, me ya sa gyaran nan yake aiki alhali na sauran wurare ba ya yi? A ganina, saboda an yi masa iyaka. Mai duba aikinka ba ra'ayinsa yake bayarwa a kan ko zanen ya burge shi ba. Kowane atisaye yana da abin da aka ce a yi da dalilin yin sa a rubuce, shi kuma da wannan ma'aunin zai auna ka. An ce ka ja layi daga kafaɗa, ba daga wuyan hannu ba. An ce ka sa ɗigo biyu, ka yi ta kai hannu da komowa a iska saman takardar har motsin ya zauna, sannan ka ja layin sau ɗaya da ƙarfin gwiwa. An ce kowane zagaye ka bi shi sau biyu ko uku kafin ka ɗaga alƙalami. Saboda haka idan ya ce layukanka suna rawa, alamar kana jan su a hankali kana bin su da ido, ba zancen ɗanɗano ba ne da za ku tsaya jayayya. Ka buɗe darasin ka gani da kanka. An ma fifita layi mai santsi da ya ɗan wuce ɗigonsa a kan layi mai karkarwa da ya sauka daidai, kuma masu gyara suna yawan maimaita wannan ga sababbin shiga.

Akwatunan nan 250 su ne inda na fi ganin amfanin tsarin. Bayan ka cika shafi, sai ka ɗauki rula da biro mai launi ka tsawaita gefunan kowane akwati zuwa nesa. A ƙa'ida, layukan da suke kafaɗa da kafaɗa a zahiri ya kamata su riƙa matsowa kusa da juna har su nufi wuri guda, kamar yadda gefunan titi suke haɗewa a ido can gaba. Jan layin shi zai tona maka ko sun nufi wuri ɗaya ko kowanne ya kama gabansa. Wato kafin kowa ya ce maka uffan, takardar ta riga ta yi maka gyaran farko. Wadda ta duba nawa, wata ɗaliba ce da ta riga ni nisa a kwas ɗin, ta lura da abin da idona ya tsallake: layuka huɗu na akwatin da ke kafaɗa da kafaɗa ba sa haɗuwa gaba ɗaya, biyu-biyu suke haɗuwa, na gaba su kaɗai, na baya su kaɗai. Ta ce in riƙa kallon kusurwar da kowane layi ya tashi da ita dangane da sauran ukun, ba wanda ke kusa da shi kawai ba. Gyara ɗaya tak, amma daga ranar na fara gane abin da ya sa ɗakunan da nake zanawa a bangon littafi suke zama kamar gini na shirin faɗuwa.

Abu na biyu da nake yaba musu shi ne yadda gyaran ke ƙarewa. Ba ya ƙarewa da "ci gaba da ƙoƙari". Mai dubawa dole ya yanke hukunci: ko dai ya ce ka wuce mataki na gaba, ko ya ce ka sake shafi kaza na atisaye kaza ka dawo da shi. A ɓangaren kyauta kuma maganarsa ita kaɗai ba ta isa ba, sai mutum biyu sun amince da gyaran nasa kafin a ba ka shaidar kammala darasin. Ka ga shi ma mai gyaran ana duba shi ke nan. Wannan ɗan ƙaramin sharaɗin yana rage masu zuwa su rubuta kalma uku su tafi, yana kuma rage masu zuwa nuna isa.

Sai batun bayar da gyara, wanda ban yi tsammanin zai amfane ni ba. Ana ƙarfafa duk wanda ya gama darasi ya koma ya duba na bayansa, har a zaurensu na manhajar hira ta Discord akwai tsarin ba ni gishiri in ba ka manda: ka duba aikin wasu, a duba naka. Ranar da na fara buɗe aikin wani don in yi masa sharhi na gane cewa ganin abu bai yi daidai ba daban, iya faɗin abin da ya sa daban. Zagayensa sun yi mini wani iri a ido, amma sai da na koma darasin na sake karantawa kafin na iya rubuta masa cewa yana rage gudu a kwana, shi ya sa suke fitowa da kusurwa. Daga nan tsarin da nake bi ya zauna. In fara da abin da mutum ya yi daidai, ba don lallashi ba, don ya san abin da zai riƙe. In zaɓi matsala ɗaya ko biyu da suka fi girma in bar ƙananan, domin wanda aka jibga wa gyara goma ba zai ɗauki ko ɗaya ba. In faɗi shafin da abin yake, in faɗi abin da zai yi da hannunsa gobe. Kuma a kan layin zan yi magana, ba a kan mai layin ba.

Wannan na ƙarshen ya fi mana muhimmanci mu Hausawa fiye da yadda muke zato. Mun tashi da kunya da kara, ba ka kallon idon wanda ya girme ka ka ce Malam aikinka bai yi ba, shi kuma wanda aka yi wa gyara a bainar jama'a yakan ji kamar an ci masa fuska. Waɗannan halaye ne masu kyau a zaman tare, amma a harkar zane su ne suke barin mutum ya shekara biyar yana maimaita kuskure ɗaya ana yi masa tafi. A Drawabox babu wanda ya san shekarunka ko ɗan gidan wa ne kai. Yaro ɗan sakandare a wata ƙasa zai iya ce maka ka sake shafi biyu, kuma idan ka duba ka ga gaskiyarsa, sai ka sake. An kuma hana ka yin ta maimaita atisaye a ɓoye har sai ya yi kyau kafin ka nuna. Ka yi adadin shafukan da aka ce, iyakar ƙoƙarinka, ka miƙa da kurakuransa. Ba kai ne za ka yanke wa kanka hukuncin ko ka iya ba.

Akwai wata doka da suke kira ta kashi 50: aƙalla rabin lokacin zanenka ka ba wa zanen nishaɗi, abin da ranka ke so, ko da zai fito a karkace. A nan ne allon kwamfutarka zai dawo, domin babu ruwansu da abin da ka yi amfani da shi a wannan rabin. Mutane da yawa suna tsallake dokar, su ne kuma za ka ji sun gaji sun gudu a tsakiyar akwatuna.

Yanzu ga inda kwas ɗin bai kai ba, kuma ya kamata mutum ya sani kafin ya sayi rim ɗin takarda. Ba a koyar da launi, ba a koyar da fuska ko jikin mutum, ba a koyar da tsara hoto. Ni da abincina yake kan fuskar jarumar labari da mayafinta, babu wanda zai duba mini wannan a can. Gyaran da ake yi na atisayen darasi ne kawai. Idan hotonka na gaske kake so a duba, sai ka nemi zaurukan masu zane inda wani zai ɗauki aikin naka ya zana jan layi a kansa ya nuna maka inda kafaɗa ya kamata ta zauna. Masu amfani da Krita suna da irin wannan taron. ArtStation kuwa, wanda kamfanin Epic Games ya saya a 2021, wurin baje koli ne don masu ɗaukar aiki su gan ka, ba wurin neman gyara ba ne. Shi kuma DeviantArt, shafin masu zane da ke nan tun 2000, yabo ya fi gyara yawa a cikinsa, kusan kamar namu na gida.

Ɓangaren kyautar ma yana da nasa rauni, wanda daga tsarin yake. Masu dubawa 'yan sa-kai ne, babu wanda aka ɗora wa dole, saboda haka darasi na ɗaya da akwatuna sun fi samun masu kulawa, darussan gaba kuma waɗanda suka kai can har su iya duba na wani ba su da yawa. Ingancin gyaran ma ya danganta da wanda ka faɗa hannunsa. Sannan komai da Turanci yake, kuma rubutun darussan yana da tsawo ƙwarai. Akwai bidiyo tare da su, amma wanda Turancinsa na gaisuwa ne zai sha wahala, musamman wajen rubuta wa wani sharhi. Da za a samu 'yan'uwa uku ko huɗu da za su riƙa bin darussan tare suna fassara wa juna suna duba aikin juna da wannan ma'aunin, da an rage rabin matsalar.

Wanda nake ba shawarar ya shiga shi ne wanda ya riga ya iya kwaikwayon hoto amma da an ce ya juya abin ta wata fuska sai ya tsaya cak. Wanda yake neman ya koyi zanen fuska cikin wata guda don ya fara karɓar aiki, wannan ba wurinsa ba ne. Idan ka yanke shawarar farawa, alƙalamin 0.5 ana samun sa a shagunan da ke sayar wa ɗaliban zanen gine-gine kaya, takardar A4 ta fotokwafi kuma ta wadatar. Ka ɗauki hoton shafukanka da rana a inuwa, wayar tana kallon takardar kai tsaye daga sama, domin idan ka ɗauka a karkace layukan da ka tsawaita za su nuna haɗuwar da ba ita ba ce, mai dubawa kuma ya yi maka gyara a kan kuskuren kyamara.