Wata goma sha huɗu da na'urar ICD a ƙirjina

Sau biyu ina yanke jiki in faɗi a shagona na walda a nan Bauchi. A gida aka ce iska ce, aka yi ta hayaƙi da rubutu. Da aka auna bugun zuciyata ne aka gano ɗakunan ƙasa na zuciyar ke ɓallewa da gudu, har jini ya kasa kaiwa ƙwaƙwalwa. Likita ya ce, "Malam, na uku ba lallai ne ka tashi ba." Na sayar da filina, muka tafi wani asibiti a wajen jiha don a dasa min ICD, wata na'ura mai daidaita bugun zuciya idan ya rikice.

Aikin bai kai yadda na tsorata ba. An ɗan tsaga fata a ƙasan ƙashin wuya ta hagu, aka zura waya ta jijiyar jini zuwa cikin zuciya, aka binne na'urar, wadda ba ta kai tafin hannun yaro ba. Mako shida aka hana ni ɗaga hannun sama da kafaɗa, ko kabbara a hankali nake yi. Aikin na'urar gadi ne. Idan bugun ya rikice, takan fara gwada daidaita shi da ƙananan siginoni, in ya ƙi, ta saki lantarki. Tun 1980 ake dasa irinta a Amurka, ni kuwa ban taɓa jin sunanta ba sai da ta zama tawa.

Sau ɗaya ta buge ni. Ina alwala da asuba na ji jiri, sai wani abu kamar harbin jaki a tsakiyar ƙirji. Buta ta yi nata wuri, ni na yi nawa. Uwargida ta fito tana salati, tana cewa, "Maigida, ka yi magana mana!" Na yi maganar kuwa, kuma da ƙafata na koma ɗaki. A kan wannan asubar kaɗai ban yi nadamar filin ba. Amma na fi wata ina fargabar ta sake, kuma babu wanda ya shirya ni wa wannan tsoron.

Abin da ya fi ci min rai shi ne sana'a. Sai bayan an gama aka zaunar da ni aka ce injin walda na iya rikita na'urar, ta ɗauka zuciya ce ta birkice. Yanzu yarana ke riƙe da shagon, ni ina bakin titi ina ciniki da lissafi. Janareta ma ba na raɓarsa in yana aiki. Waya kuma ta bar aljihun gaban riga, don ana so ta yi nesa da na'urar da santimita 15.

Ga kuɗin mota duk bayan 'yan watanni don a duba ta, ga batir da zai ƙare bayan wasu shekaru, a sake tsaga wurin. Na fara tarin wannan tun yanzu, da adashen mako-mako.