Kafin Ka Sa Sola A Kaduna: Tubula, Litiyam Da Masu Sayar Da Jabu

Duk wanda ya bi ta Malali ko Unguwar Rimi ko Barnawa ya ɗaga kai, zai ga rufin gidaje ya canza kama. Faifan sola ne baƙi ƙirin a kan kwano, gida bayan gida, kuma Rigasa da Hayin Banki ma ba a bar su a baya ba. Abin yana da dalili. A ranar 29 ga Mayu 2023 aka cire tallafin mai, litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki. A Afrilun 2024 hukumar kula da wutar lantarki ta ƙasa, NERC, ta kai kuɗin wutar 'yan rukunin A, wato waɗanda aka fi ba wuta, naira 225 kowane yunit, daga baya aka ɗan sassauta amma bai sauko ƙasa da 200 ba. Sai kuma Oktoban 2024, layin Shiroro zuwa Mando yana kwance saboda ɓarnar da aka yi masa, ɗayan layin da ya biyo ta Makurɗi da Jos shi ma ya faɗi, Arewa ta kwashe fiye da mako guda cikin duhu. Tun daga nan magidanta suka daina shawarar ko a sa sola ko kar a sa. Abin da ya rage shi ne wace iri, kuma a hannun wa.

Janareta ba zan ɓata masa lokaci ba. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa: fetur, baƙin mai, makaniki, faɗa da maƙwabci, ga hayaƙin da ke kashe mutane cikin barci in an kunna shi a baranda an rufe tagogi. Inbata, wato na'urar da ke mayar da wutar batir irin ta gida, da batir ba tare da faifai ba, wannan na wanda layinsa ke samun wuta awa ashirin ne, kuma duk cajin da ya yi mita ce za ta ci katinsa. 'Yar ƙaramar solar nan mai ƙwai uku da wurin cajin waya da ake biya kaɗan-kaɗan, tana da kyau ga mai shago ko mai ɗaki ɗaya, iyakarta ke nan.

Kafin ka taka ƙafarka kasuwa, fara rage abin da gidan ke ci, domin kowane wat da ka rage kuɗin batir ne ka ajiye. Tsohon ƙwan fitila mai zafi yana shan wat 60, na LED mai wat 9 zai ba ka kusan wannan hasken. Amma babban mai cin wuta da dare a gidajenmu fanka ce. Fankar sama ta gargajiya tana shan wajen wat 75, uku daga cikinsu in sun yi awa goma sun cinye fiye da yunit biyu. Fankar DC mai wat 30 ba za ta kai yunit ɗaya ba a wannan lissafin. Guga, da tura ruwa tanki, da daskarar da firiza, a mayar da su tsakiyar rana lokacin da faifai ke aiki kai tsaye. In ɗaki ba shi da silin, a sa masa, in akwai fili ta yamma a dasa darbejiya ko mangwaro, don zafin Maris da Afrilu ta kwano da bangon yamma yake shigowa.

Yanzu ga inda kuɗin yake tafiya, wato batir. Ni litiyam nake so, irin wanda ake rubuta wa LiFePO4, kuma ba zan ɓoye ba.

Dubi lissafin. Tubula, wato batirin dalma mai ruwa, guda biyu masu 12V da 220Ah, a takarda sun ɗan haura yunit biyar. Amma batirin dalma ba a shanye shi, in kana so ya yi ƙarko rabi za ka taɓa ka bar rabi. Ke nan abin da ke hannunka bai kai yunit uku ba. Litiyam mai 51.2V da 100Ah shi ma yunit biyar ne da ɗan ɗoriya, sai dai za ka iya cin huɗu ko fiye kowane dare bai ji komai ba. Mai shago zai jera maka farashin biyun ya ce tubula ya fi sauƙi nesa ba kusa ba, ba zai gaya maka cewa rabin abin da ka biya ajiye yake ba ka da ikon taɓawa ba.

Abin da ya fi wannan muhimmanci a garin nan shi ne yadda suke karɓar caji. Tubula yana son awoyi masu yawa a hankali kafin ya cika, in kuma aka riƙa barinsa rabi-rabi kwana da kwanaki sai farantan cikinsa su yi kanta, ƙarfinsa ya ragu, ba ya kuma dawowa. To ka tuna Agusta a Kaduna, yadda hadari ke rufe gari a wuni ana yayyafi, rana ta leƙo awa biyu ta koma. Ka tuna NEPA da za ta kawo wuta ƙarfe ɗayan dare ta ɗauke kafin asuba. Litiyam yana zuƙe caji da sauri a wannan ɗan lokacin, kuma zama rabi ba ya lahanta shi. Ba ruwansa da ruwan batir, ba ya fitar da wari ko iskar da ke buƙatar taga a buɗe, ba ya cin tayil da asid. A jingine shi a bango a manta da shi. Zafi ma ya fi yi wa dalma illa, shi ya sa tubulan da aka kulle a sito mara iska yakan mutu tun bai kai ko'ina ba. Mai kyau a cikin litiyam ana ƙidaya masa caji da saukewa sau dubbai, wanda in aka kula da shi shekaru ne masu yawa, a lokacin da mai tubula ya canza nasa sau biyu ko uku. Kuma duk tubulan da ya mutu yakan ƙare a hannun 'yan gwangwan, a fasa shi a zubar da asid a ƙasa, a narka dalma a bainar jama'a. Dalma guba ce, mun ga abin da ta yi wa ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010, ko da yake can daga haƙar zinare ta fito.

Batirin jel da ake cewa ba ya son ruwa, shi ma dalma ce, kuma zafi ya fi saurin gamawa da shi. Batirin mota kuwa ba na wannan aikin ba ne sam.

Sai dai duk wannan yabo da na yi, na gaske nake yi wa. Kasuwar nan cike take da jabu, kuma ni an taɓa ni. Tubula huɗu aka kawo mini daga wani shago, fes cikin leda, fenti yana ƙyalli. Damina ba ta ƙare ba ɗaya ya kumbura ya yi ciki, inbata ta fara kuka tun kafin sha biyun dare. Wani yaro mai gyara ya zo ya tsuguna, ya sa farce ya kankare fentin kusa da kan batirin, sai ga wani fenti daban a ƙasa, ga kuma wurin da aka goge kwanan watan da aka ƙera shi da sanfefa, har gurbin ya yi ɗan rami. Ya ɗago ya ce, “Baba, wannan ai ya yi aiki a wani gida kafin naka.” Da na koma shagon, amsar da na samu ita ce, “Alhaji, ai kai ne ka ɗora masa nauyi.” Rasiɗin kuwa ba lamba, ba maganar garanti, sunan kaya kawai da kuɗi.

Don haka in tubula ƙarfinka ya kai, duba kwanan watan da aka buga a jikin robar, ba wanda aka manna da takarda ba. Wanda ya daɗe a shago ba caji ya riga ya fara lalacewa ko da sabo ne. A sa masa mita a gabanka, cikakke yana nuna 12.6 ko sama. Sannan ka ɗaga shi: na gaske mai 220Ah sai mutum biyu sun kama, in ka ga yaron shago ya sungume shi shi kaɗai yana murmushi, an rage masa dalma.

A litiyam kuma damfarar ta fi wayo, domin akwati ne a rufe, ba ka ganin cikinsa. Akwai waɗanda ake haɗawa da tsofaffin ƙwayoyin batir a zuba a sabon akwati. Akwai na turakun sadarwa da aka sato, wanda ban da tsufa zai iya jawo maka 'yan sanda har gida. Akwai mai ƙwaya goma sha biyar da ake sayarwa da kuɗin mai goma sha shida. Kowace ƙwaya 3.2V ce, sha shida su ne 51.2V, sha biyar 48V, don haka karanta abin da aka rubuta ka tambaya. Akwai wanda ba LiFePO4 ba ne ma, wani nau'in litiyam ne da ya fi saurin kama wuta. Allon da ke jikinsa yana nuna sau nawa aka caja shi, amma kar ka dogara da shi kaɗai, ana iya mayar da lambar sifili. Mai yunit biyar na gaske nauyinsa ya kai kilo 40 ko fiye. Gwajin da ba ya ƙarya ɗaya ne: a cika shi, a kashe faifai da NEPA, a ɗora masa kaya masu wat 1000, ka zauna da agogo. Ya kamata ya kusa awa huɗu ko ya wuce. In ya faɗi a awa biyu, a kwashe shi.

Faifai shi ne mafi sauƙin kamawa, amma shi aka fi cutar mutane da shi, saboda kowa takardar bayansa yake karantawa, ita kuwa takarda ana buga ta ko'ina. Tafi da tef ɗin awo. Faifan zamani bai wuce wat 200 zuwa 230 a kowace murabba'in mita ba. Mai wat 550 na gaske tsawonsa ya haura mita biyu, faɗinsa ya ɗan wuce mita ɗaya, nauyinsa ya kusa kilo 28. In aka nuna maka wanda bai kai ƙirjinka ba aka ce 500 ne, ka yi sallama. Manyan kamfanoni irin su Jinko da Longi da Canadian Solar suna sa lamba a ƙarƙashin gilashin, inda hannu ba ya kaiwa, ka duba ta yi daidai da ta baya. Kayan Beljiyam da suka yi ruwan ɗorawa ko suka yi zane-zane a ciki, sun ci rabin rayuwarsu a wata ƙasa. In mai shago ya sa mita a rana ya nuna maka lamba mai kyau, ƙarfin wuta ya auna, ba yawanta ba, faifan da ya gaji ma zai iya nuna wannan lambar.

Inbata ka nemi wadda aka rubuta wa MPPT, wato mai tatso caji sosai daga faifai, kuma ta zama mai fitar da wuta tsaftatacciya irin ta NEPA, in ba haka ba fanka za ta riƙa gurnani, firji kuma ya sha wahala. Ka tabbata tana da saitin litiyam. Waya ma ba ta tsira ba: ana shafa wa alminiyam jan ƙarfe a sama a sayar da sunan kofa. Kankare sili ɗaya da wuƙa, in cikinsa ya fito fari, ba ita ba ce. Siririyar waya tsakanin batir da inbata ita ce ke yin zafi ta narke, gobarar da ake ɗora wa sola sau da yawa daga nan take tashi. A sa fiyus da abin katse wuta na DC, a kafa ƙarfen ƙasa saboda tsawa, don damunarmu ba ta wasa.

Wajen kafawa, faifai ya fuskanci kudu da ɗan karkata, digiri goma zuwa sha biyar, yadda ruwa zai wanke shi da kansa. A kiyayi inuwar tankin ruwa, inuwa a kan kusurwa ɗaya tana rage ƙarfin dukan jerin. Kuma a bar hanyar hawa, domin daga Nuwamba zuwa Fabrairu ƙurar hunturu tana kwanciya a kai har ka iya rubutu da yatsa. Ruwa da tsumma mai laushi da sassafe kafin gilashin ya yi zafi, ba omo.

Maganar biya: a rubuta lambar kowane batir da kowane faifai a rasiɗi, da shekarun garanti, da sunan wanda za a mayar wa kaya in sun lalace, mai shago ne ko mai haɗawa, don su biyun sun iya tura wa juna. Ka riƙe wani kaso na kuɗin aikin sai an yi gwajin nan na agogo kuma gidan ya kwana biyu a kan batir. Wanda ya ce shi ba ya aiki a haka, nemi wani, masu haɗa sola sun yi yawa a garin nan.