Garejin Hilux na hanyar Dukku da aikin kuloci bayan canjin giyabos

Duk mai Hilux ko Land Cruiser mai giyar hannu a Gombe, wanda aikinsa ke kai shi ƙauyukan Balanga ko hawan Tula da damina, ya san cewa ranar da giyabos zai gaji tana nan tafe. Sabo ya fi ƙarfin aljihun yawancinmu, saboda haka ɗan Beljiyom ake nemowa daga Ƙofar Ruwa a Kano ko Ladipo a Legas, kuma ba kullum ake dacewa da wanda ya fito daga mota irin taka sak ba. Wannan sharhi a kan wani gareji ne da ke gefen hanyar Dukku a cikin garin Gombe, wanda ba shi da allon suna, sai dai motocin daji da ke jere a gabansa, kuma na yi shi ne domin masu fama da kuloci bayan an canza musu giyabos.

Motata Hilux ce mai injin dizal samfurin 5L, mai ja da ƙafa huɗu. An ɗora mata wani giyabos a wani garejin daban, tare da sabon farantin kuloci, amma tun daga ranar giya ta daina shiga cikin sauƙi. Idan injin yana kashe, sandar giya tana zagaya kowace lamba lami lafiya. Da zarar an tayar da shi, lamba ɗaya sai da ƙarfin tsiya, ribas kuwa sai ta yi ƙarar haƙora kafin ta shiga. Ko an take kuloci har ƙasa, motar tana ɗan rarrafawa gaba. Maganin da aka yi mata a wancan garejin shi ne ƙara, ta hanyar walda, tsawon sandar da ke tura cokalin kuloci, wato ƙarfen da ke danna boris a kan murfin kuloci domin ya saki faranti. Giya ta ɗan yi sauƙi, amma sai wata cutar ta fito: a kan hawa da kaya injin yana ihu, mota ba ta ƙara gudu, ga kuma ƙaurin faranti.

Abin da ya fara burge ni a garejin hanyar Dukku shi ne maigidan wurin bai yi maganar sauke giyabos ba sai da ya gama da duk abin da ake iya dubawa daga waje. Ya tambaye ni daga wace mota aka ciro giyabos ɗin, da kuma waɗanne kaya aka bari na tsohon. Sannan ya shiga mota, ya danna kuloci da hannu, ba da ƙafa ba, yana riƙe da ma'auni, domin ya ga wasan da ke sama kafin ya fara kamawa. Ƙa'idar Toyota a irin waɗannan motoci ita ce milimita 5 zuwa 15. Tawa ba ta da wasa ko kaɗan. "Alhaji, wannan sandar da aka ƙara tana danne boris dare da rana," in ji shi, "shi ya sa faranti yake zamewa a kan hawa." Ya cire ta ya sa ta asali, ya zubar da tsohon man da ya yi baƙi, ya zuba man birki DOT 3, aka fitar da iska daga kulocin ƙasa, wato famfon man da ke jikin giyabos, yaro ɗaya yana takawa, shi kuma yana buɗe noti yana rufewa har kumfa ta ƙare. Ya duba bayan robar kulocin sama, wato famfon da takun ƙafa ke turawa, da ta kulocin ƙasa ko akwai yoyo, bai samu ba. Zamewar ta tafi, amma taurin giya ya dawo yadda yake tun farko, kuma a nan ne ya ce matsalar tana ciki.

Dalilinsa ya gamsar da ni. Giyar da ke shiga idan injin yana kashe, ta ƙi idan yana aiki, ba giyabos ne da laifi ba; wani abu ne yake ci gaba da juya sandar shiga giyabos alhali ya kamata kuloci ya raba ta da injin. Ribas ce ke fara tona asirin, domin a yawancin tsofaffin giyabos ba ta da zoben da ke daidaita gudun haƙora kamar sauran lambobi. Tunda mai yana tura cokali iyakar tafiyarsa, to, ko dai tafiyar ba ta isa inda ake buƙata ba, ko kuma akwai abin da ya cije.

Da aka sauke, dukansu biyu aka samu. Ya shimfiɗa buhu a ƙasa ya jera cokali da boris ɗin da aka ciro, kusa da waɗanda ya ɗauko daga wani giyabos irin wanda aka ɗora mini. A ido kusan ɗaya suke, amma da ya tsayar da boris biyun a kan ƙarfe mai shimfiɗaɗɗiyar fuska, sai ga na motata ya gaza tsawo. Masu aikin farko sun kwaso cokali da boris na tsohon giyabos sun sa a sabon, alhali tazarar da ke tsakanin madogarar cokali da yatsun murfin kuloci ba iri ɗaya ba ce, don haka rabin takun ƙafa yana ƙarewa ne a banza kafin boris ya taɓa komai. Na biyu kuma ƙaramin boris ɗin da ke zaune a tsakiyar fulawil, wato babban faifan ƙarfen da ke bayan injin, inda bakin sandar giyabos ke shiga: ya sa ɗan yatsa ya juya shi, sai ya ji shi yana cijewa kamar an zuba masa yashi. Ya nuna mini tabon da ke bakin sandar, ya ce alama ce ta an jawo giyabos da notuka maimakon a bar shi ya zauna da kansa. Ɗaya daga cikin ƙusoshi biyu da ke daidaita giyabos da injin ma babu shi, ramin a buɗe yake.

Farantin kuwa bai canza shi ba, kuma wannan ne ya sa na yarda da wurin. Ya auna zurfin ƙusoshin da ke riƙe fatar faranti, ya ga sun yi nisa da iyakar milimita 0.3 da ake zubar da shi, ya tabbatar bai lanƙwashe ba, ya goge tsatsar da ke haƙoran sandar giyabos, wadda ba a rasa ta a kayan da suka daɗe a ajiye, ya shafa giris kaɗan, sannan ya zura farantin yana kai da komowa har ya ga yana tafiya ba tare da tirjiya ba. Ya goge ragowar giris ɗin tas, domin idan ya fantsama a fatar faranti an sake komawa gidan jiya. Ya kuma zubar da man giya mai kauri da aka zuba, lamba 140 da wasu ke ganin ya fi ƙarko, ya sa 75W-90, yana cewa mai kauri shi ke sa giya tauri da sanyin safiyar hunturu.

Wurin yana da nasa aibu. Ba su ajiye kayan gyara, saboda haka cokali da boris sai da aka aiko daga Kano, motar kuma ta yi zaman jira a rana, domin rumfar ba ta ɗaukar fiye da wadda ake aiki a kanta. Kuɗin aikinsu ya fi na maƙwabtansu, kuma maigidan ba ya son ciniki. Ba sa ba da rasit sai an matsa, wanda ba ƙaramar matsala ba ce ga direban ma'aikata ko na ƙungiya da zai je ya yi bayanin kuɗi. Yaran garejin kuma ba su rufe kujera kafin su shiga, na tarar da baƙin mai a kujerar direba da sitiyari. Idan maigidan ba ya nan, ban ga wanda zan bar wa irin wannan aikin a cikinsu ba.

Kafin ya ba ni makulli ya fita da motar da kansa, ya gwada ta a kan hawa da cikin yashi, ya shigar da ƙaramar sanda daga H2 (ja da ƙafa biyu) zuwa H4 da L4 (ja da ƙafa huɗu, na gudu da na ƙarfi) domin ya tabbatar canjin bai taɓa ɓangaren ƙafa huɗu ba. Ya ja kunnena a kan abu biyu: a yashi ko taɓo a sa L4 a saki kuloci gaba ɗaya maimakon riƙe shi rabi ana ba da wuta, sannan a riƙa duba robar da ke rufe ramin cokali, domin ta nan laka ke shiga da damina. Tun daga lokacin na hau Tula da kaya, ribas tana shiga shiru, kuloci yana kamawa a tsakiyar taku.

Wanda aikinsa canjin mai ne ko gyaran birki zai samu mai rahusa a ko'ina cikin gari. Wanda kuwa zai ɗora giyabos ɗan Beljiyom, ko ya riga ya ɗora yana shan wahala, wannan garejin ya cancanci kuɗinsa, kuma zai rage wa kansa jira idan tun wajen saye ya sa mai kaya ya haɗa masa da cokali, boris da kulocin ƙasa na motar da aka ciro giyabos ɗin, ya kuma rubuta masa samfurin injinta.