Jirgin Ƙasan Jersey da na Tsibirin Man: Me Ya Kashe Ɗaya, Ya Bar Ɗaya?

Malam, ka tambaya me ya sa har gobe jirgin ƙasa mai cin kwal yake gudu a tsibirin Man, amma na Jersey ko ƙarfen dogonsa babu, alhali duka biyun ƙananan tsibirai ne a ƙarƙashin sarautar Ingila. A ganina amsar ba ta cikin riba. Duk su biyun asara ta ci su. Bambancin yana cikin lokacin da kowanne ya faɗi.

Jersey ce ta riga. An buɗe layinta a 1870, daga St Helier zuwa St Aubin, tafiyar da ba ta cika mil 4 ba, a bakin teku. A 1884 aka mayar da faɗin dogon ƙafa 3 da inci 6, irin faɗin tsohon layinmu na Legas zuwa Kano, daga baya aka ja shi har La Corbière. To amma tsibirin kansa nawa yake? Kusan mil 9 ne a tsawo, 5 a faɗi. Da motocin bas suka zo, sai ya zamana ba dalilin da zai sa mutum ya taka zuwa tasha ya jira jirgi, ga mota tana wucewa ta ƙofar gidansa. Akwai kuma wani kamfani na biyu, mai zuwa Gorey ta gabas, wanda ya rufe tun 1929. Na yamma, wato na St Aubin, ya yi ta lallaɓawa, sai a watan Oktoban 1936 gobara ta tashi a tashar St Aubin inda aka adana taragu, ta cinye da yawansu. Daga nan jirgi bai sake ɗaukar fasinja ba. Jamusawa sun ɗan shimfiɗa dogo a wurin lokacin da suka mamaye tsibirin a Yaƙin Duniya na Biyu, amma na jigilar kayan gini ne. Yanzu hanyar ta zama ta masu keke da masu tattaki.

Tsibirin Man kuwa ya ninka Jersey kusan sau biyar. Kamfaninsa ya buɗe layin Douglas zuwa Peel a 1873, na Port Erin a 1874, a kan dogo mai faɗin ƙafa 3, da kawunan jirgi ƙirar Beyer, Peacock na Manchester. Bayan ya haɗiye kamfanin arewa mai zuwa Ramsey, da ɗan layin Foxdale na ma'adinin dalma, dogonsa ya kai wajen mil 46. Ga kuma ma'aikatan masana'antun arewacin Ingila da suke cika tsibirin duk lokacin hutun bazara.

Wayon da ya fi burge ni shi ne na 1930. Maimakon kamfanin ya tsaya kokawa da masu bas, sai ya kafa nasa reshen na motoci, ya zama shi ne mai jirgi, shi ne mai bas. Da abokin daka ake shan gari, in ji Hausawa. Wannan ya ja masa kwana sosai, amma bai hana ranar zuwa ba: a ƙarshen 1965 aka dakatar da jirgi, 1966 ta wuce ko ɗaya bai motsa ba.

Ka ga nan ne tazarar shekaru 30 tsakanin faɗuwar biyun ta yi aiki. A 1936 ba wanda yake kallon tsohon jirgi a matsayin abin tarihi, tarkace ne kawai na sayarwa. Amma tun 1951, da masu sa kai suka karɓi layin Talyllyn a Wales, Turawa suka fara biyan kuɗi don kawai su shaƙi hayaƙin kwal. Sai wani basarake, Marquess na Ailsa, ya karɓi hayar layin Man a 1967. Shi ma bai iya riƙe duka ba, domin layukan Peel da Ramsey sun mutu a 1968. Na kudu, wato na Port Erin, kaɗai ya tsira, shi ma da ƙyar: a 1975 jirgin bai ma isa Douglas ba, tsakanin Port Erin da Castletown kawai yake kai da kawowa. A 1978 gwamnatin tsibirin ta karɓe shi, kamar yadda ta karɓi wani layin daban, na jirgin lantarki mai zuwa Ramsey, tun 1957.

Abin da ya rage yau mil 15 ne da 'yan kai, daga Douglas zuwa Port Erin, kuma wasu kawunan da suke jan taragun sun haura shekara 100.