Gargaɗi ga 'yan kasuwar Maradi game da masu sayar da jerin adireshin imel

Abin da ya sami ɗiyar 'yar'uwata a watan jiya ne ya sa na rubuta wannan gargaɗi, domin na tabbata ba ita kaɗai aka cuta ba. Yarinyar tana haɗa turaren wuta da humra a gidan aurenta a unguwar Zariya, tana aika wa masu saye har Damagaram da Yamai, kuma ta daɗe tana son ta riƙa tura wasiƙar talla ta imel ga shaguna da ma'aikatan ofis. A wani zauren WhatsApp na 'yan kasuwa ta ci karo da wani mutum da ke kiran kansa ƙwararre a tallan intanet, yana cewa yana da adireshin imel na mutum 50,000 daga Nijar da arewacin Najeriya, wai dukansu masu sha'awar saye ne, kuma zai ba da su tare da horo na kwana 3 a kan jika 35 na sefa. Ya nuna hotunan shaidar biyan kuɗi da saƙonnin murya na mata suna yi masa godiya, ya kuma ce gurbi 5 kacal ya rage. Ta ciro kuɗin daga adashinta ta tura.

Da dare ta kira ni muryarta na rawa, ta ce: "Kawu, na tura saƙon kamar yadda ya koya mini, amma sun rufe mini asusun." Washegari na ɗauki kwamfuta na je gidan, muka buɗe takardar da ya aiko, kuma tun daga shafin farko na gane abin da ya faru. Adireshi ɗaya yana maimaituwa sau huɗu ko biyar, da yawa daga cikinsu na kamfanoni ne a Faransa da Indiya waɗanda ba su taɓa jin sunan Maradi ba, wasu kuma ba su ma cika ba, an yanke musu ƙarshe. Mun daɗe muna gangarawa a cikin jerin ba mu ga sunan Bahaushe ko ɗaya ba. Irin wannan jeri ana kwaso shi ne da manhajar da ke bin shafukan intanet tana tsince duk wani adireshi da ta gani, ko kuma daga bayanan da aka sace tun shekarun baya, sannan a sayar wa mutum ɗari da abu guda.

Rufe asusun tura wasiƙun talla da aka yi mata ba zalunci ba ne, kuma wannan shi ne abin da mayaudarin ya sani ya ɓoye. Kamfanonin da ake tura wasiƙun talla ta hannunsu, irin su Mailchimp da Brevo, sun haramta amfani da jerin da aka saya ko aka aro, kuma suna ganewa cikin sauri, domin da zarar saƙonni masu yawa sun dawo saboda adireshin ya mutu, ko mutane sun fara kai ƙorafi, sai su dakatar da mai turawa. Tun watan Fabrairun 2024 Gmail da Yahoo suka tsaurara sharuɗɗa a kan masu tura saƙo da yawa: dole ne a ba mai karɓa hanyar cire kansa da dannawa ɗaya, kuma kada masu ƙorafi su kai mutum 3 cikin 1,000. Wanda ya tura wa baƙin da ba su san shi ba yakan wuce wannan iyaka tun a karon farko, daga nan kuma ko saƙon da ya rubuta wa abokin cinikinsa na gaskiya sai ya riƙa faɗawa akwatin tarkace. Ga kuma batun doka, domin adireshin imel bayanin mutum ne na kansa, kuma Nijar tana da dokar kare irin waɗannan bayanai, da hukumar HAPDP da ke sa ido a kan aiki da ita. Mai sayen irin wannan jeri na iya samun kansa da laifin da bai san ya aikata ba.

Abin da ya fi ƙona mini rai ya zo ne bayan rufe asusun. Da ta koka wa mayaudarin, sai ya ce matsala ce ƙarama, ya turo mata wani shafi mai kama da na Gmail, ya ce ta sa adireshinta da kalmar sirri domin a haɗa asusun da na'urarsa. Ta sa, domin har lokacin ba ta zarge shi ba. Kafin la'asar an tura wa abokan cinikinta saƙo da sunanta cewa an canza lambar biyan kuɗi, kuma wata Hajiya da ta shekara uku tana sayen kaya a wurinta ta tura kuɗin humra kwalba 6 zuwa lambar ɓarawon. Hajiyar ta yi haƙuri, Allah ya saka mata, amma na ga yadda yarinyar ta kwana biyu tana bin mutane ɗaya bayan ɗaya tana rantsuwa cewa ba ita ba ce. A kasuwar garin nan, inda ake ba da kaya bashi a kan magana kawai, wannan asarar ta fi jika 35 nauyi nesa ba kusa ba.

Tara jerin masu karɓar wasiƙa ba ya buƙatar ɗan tsakani. Brevo yana barin mutum ya tura saƙo 300 a rana kyauta, wanda ya ishi ƙaramin ɗan kasuwa, kuma abin da ake buƙata shi ne a tambayi mai saye ko yana so a riƙa sanar da shi sabon kaya, idan ya yarda ya ba da adireshinsa da kansa. A ganina ma, tunda yawancin masu sayenmu a WhatsApp suke, ba kowace sana'a ce ke buƙatar imel ba, sai dai wadda ke hulɗa da ofisoshi ko da 'yan'uwa mazauna waje.

Duk wanda ya riga ya sa kalmar sirrinsa a irin wannan shafi, ya canza ta yau, ya kunna tabbatarwa mai mataki biyu (wato a riƙa neman wata lambar shaida bayan kalmar sirri kafin a shiga asusun), ya sanar da abokan cinikinsa kafin ɓarawo ya riga shi. Ya ajiye rasidin tura kuɗi da hotunan hirar da lambar wayar, ya kai wa 'yan sanda, domin dokar 2019 kan laifukan intanet ta hukunta zamba ta wannan hanya. Mu mun kai namu ƙorafin. Mutumin ya toshe lambar yarinyar, amma shekaranjiya na sake ganin tallarsa a wani zauren, da sabuwar lamba da sabon suna, hotunan shaidar nan dai su ne, ya kuma rage kuɗin zuwa jika 20.