Yankari: a tafi da shirin kwana, a kuma sa ido kan kular abinci

Duk wanda ya tambaye ni inda zai kai iyali hutu a Arewa, Yankari nake fara ambata masa, amma da sharaɗin ya tafi da shirin kwana. Masu isa da hantsi su juya da la'asar gajiyar hanya kawai suke kwasa. Daga garin Bauchi hanyar Gombe za ka bi, ka karkata a Dindima, ka miƙe har ƙofar gandun da ke Mainamaji a ƙaramar hukumar Alkaleri, inda ake biyan kuɗin shiga. Daga ƙofar zuwa sansanin Wikki, inda masaukin baƙi yake, ma da sauran tafiyar kilomita 40 da 'yan kai. Dajin ya haura murabba'in kilomita 2,200, tun 1956 aka keɓe shi, kuma yana hannun gwamnatin jihar Bauchi tun 2006 da ya dawo daga ta tarayya.

Amfanin kwanan shi ne ruwan Wikki da sassafe. Bayan sallar asuba na sauka matakalar da ke gangarawa daga sansanin, sanyin hunturu na ratsa riga, amma da na tsoma ƙafa sai na ji ɗumi kamar ruwan da aka surka wa mai jego. Daga ƙarƙashin wani jan dutse yake ɓulɓulowa, zafinsa digiri 31 dare da rana, rani da damina. Tsabar haskensa, kana tsaye ruwa ya kai maka ƙirji kana ganin farcen ƙafarka a kan farin yashi. Wajen dutsen da zurfi, ya fi ƙarfin wanda bai iya iyo ba. Can ƙasa kuwa yara na wasa iyaye na kallo. Da rana ta ɗaga motocin 'yan makaranta suka iso, wurin ya cika da hayaniya. Wanda bai kwana ba wannan hayaniyar zai tarar.

Abinci kuwa, akwai gidan cin abinci a sansanin, sai dai mu da namu muka je: dambun shinkafa, soyayyun kaji da zoɓo. Inuwar bishiya ba ta yankewa, tabarma kawai za ka shimfiɗa. Matsalar gwaggon biri ce. Muna zama wani ƙato ya tsuguna nesa kaɗan yana kallon hannun uwargida, ba fuskarta ba. Wani ma'aikaci da ke wucewa ya ce, "Hajiya, a mayar da murfin kular nan, a kuma ja ƙofar mota." Bai rufe baki ba birin ya sure ledar burodin maƙwabtanmu ya haye rufin ɗaki, ya yage ta yana ci. Laifin baƙi ne da ke jefa musu biskit don ɗaukar hoto, har suka daina tsoron mutum. Gadu ma na kiwo a tsakar sansanin, yana durƙusawa kan gwiwoyin gaba yana tonon ciyawa, shi dai ba ruwansa da kowa.

Yawo cikin daji da ƙafa kai kaɗai haramun ne a nan, kuma daidai ne. Mota ake shiga da ɗan jagora, safe ko yamma, a bi gefen kogin Gaji. Mun ga gwambaza, mazo, garken ɓauna da tsuntsaye barjat. Giwa kam sawunta da kashinta muka gani, sabo, har yana tururi. Yara sun ɓata rai, ni kuwa ban ga abin ƙorafi ba: dajin Allah ne, giwayen kuma sun yi ƙaranci saboda ɓarnar mafarautan haure a shekarun baya. A ɗan gidan tarihin sansanin za ka ga haure da fatu da makaman da aka ƙwace daga hannunsu. An tsaya da mu a kogunan Marshall, ɗakunan da mutanen dā can suka sassaƙa a jikin dutse, ƙofar kowanne sai ka rarrafa. Nan ne aka bar mu muka taka ƙasa, kuma ya cancanci hawan.

Abin da ya sosa mini rai shi ne ledojin ruwa da robobin lemo da wasu baƙi suka watsar a bakin Wikki, ga kwandon shara kusa da su. Mu da buhunmu muka je, muka kwashe namu har da na kusa.

A sa riga mai dogon hannu, mara duhu, don ƙudan tsando na cizo a bakin kogi. A tafi da tocila da ruwan sha isasshe. Mai son ganin namun daji ya daure wa zafi ya je tsakanin Fabrairu da Afrilu, lokacin da ciyawa ta bushe, dabbobi kuma suka taru inda ruwa ya rage.